Hutun haihuwa ya kusa ƙarewa: in yaye shi ne ko yaya zan yi?

Mai Goyo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, don kaina ya kulle. Yarona ya shiga wata biyar, hutuna kuma saura makonni kaɗan ya ƙare. Aikina tun safe ne har yamma, ga nisan hanya, kuma ba wurin da ake zuwa da yaro ba ne. Tun da aka haife shi nono zalla yake sha, ko ruwa ban fara ba shi ba. Ƙanwar maigidana ce za ta riƙe shi da rana. Na gwada masa fida, ya ture da harshe ya yi ta tsala ihu har sai da na sa masa nono. Wata abokiyar aikina ta ce in cire shi gaba ɗaya tun yanzu in mayar da shi kan madarar gwangwani, kowa ya huta. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Waɗanda suka taɓa shiga irin wannan hali, yaya kuka yi?

Maman Tagwaye:
Wa alaikumus salam. Ki fara raba abu biyu da aka haɗe miki: komawa aiki daban, yaye daban. Awa nawa za ki yi a waje? Ko goma ne, saura goma sha huɗu kina tare da shi. Ya sha da asuba, ya sha kafin ki fita, ya sha da kin dawo, ya sha da dare. Na rana kaɗai za ki nema wa mafita. Ni da biyu a hannu haka na yi, kuma sun wuce shekara suna sha.

Hajiya Babba:
Ku yaran yanzu kuna son wahalar da kanku. Yaron da uwarsa ba ta gida da rana, rabi nono rabi fida, rikita shi kawai za a yi. A cire shi lokaci ɗaya, ya yi kukan kwana biyu ya manta. Ita ma ta ɗaure ƙirjinta da kyau, ruwan ya ƙafe, ta kama aikinta hankali kwance. Jan abu shi ke sa ya yi wuya.

Ungozoma:
Hajiya, da girmanki, amma nan zan saɓa miki, domin mu ake kawo wa waɗanda aka cire musu yaro dare ɗaya. Jikin uwa bai san an yanke hukunci ba. Jiya yaro ya sha sau takwas, yau ma na sau takwas zai kawo. Idan ba a fitar ba, sai maman ya cika ya yi tauri, fatar ta riƙa sheƙi, ko hannu ba ta iya ɗagawa. Wata daga nan sai gefe ɗaya ya yi ja ya ɗau zafi, zazzaɓi da rawar sanyi su biyo baya. In aka yi sakaci ya tara mugunya, sai an zuƙe ko an tsaga. Ɗaure ƙirji tamau ba ya hana wannan, ƙara danne hanyoyin nonon yake yi.

Sannan a duba shekarun yaron, ko in ce watanninsa. Wata biyar ne fa. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun ce nono zalla har wata 6, daga nan a haɗa da abinci a ci gaba da shayarwa zuwa shekara 2 ko fiye. Tsakanin wata 6 zuwa 12 nono yana iya ba yaro rabin ƙarfin da jikinsa ke buƙata ko fiye da haka, a shekara ta biyu kuma kusan kashi ɗaya cikin uku. Ba ƙaramin abu ake shirin yarwa ba.

Hajiya Babba:
To Sista, ai mu ma mun yi renon nan, ga su nan sun girma.

Ungozoma:
Sun girma Hajiya, Allah Ya ƙara musu albarka. Amma na tabbata ba a wata biyar kika cire su ba.

Hajiya Babba:
Wannan kam gaskiya ne, sai da suka yi tafiya.

Mai Goyo:
Na gode Sista. Matsalar ita ce ban taɓa tatsa da yawa ba. Da na gwada, ɗan abin da ya fito ko gindin kofi bai rufe ba, kuma tsararo ne kamar ruwa. Shi ya sa na fara tunanin ko nonona ba shi da kauri, ba zai ishe shi ba.

Ungozoma:
Abin da kika gani daidai ne. Na farkon fitowa haka yake, tsararo, wani lokaci har da ɗan shuɗi-shuɗi. Mai maiƙon yana ƙaruwa ne yayin da maman ke raguwa. Ki ajiye abin da kika tatsa na ɗan lokaci, za ki ga maiƙo ya taso sama ya yi layi. Ba lalacewa ya yi ba, juya kofin a hankali ya haɗe.

Ƙarancin kuma kada ya tsorata ki. Yaro ya fi hannu da na'ura iya jawo nono, don haka abin da kika tatsa ba shi ne ma'aunin abin da kike da shi ba. Nono kamar rijiya yake, ana ɗiba yana kawowa. Ki fara tun yanzu, sau ɗaya a rana, da safe bayan ya sha, lokacin ya fi yawa. Ki wanke hannu, ki ɗora tsumma mai ɗumi, ki ɗan murza a hankali. Babban yatsa a sama, manuni a ƙasa, a bayan baƙin da ya kewaye kan nonon. Ki danna ciki wajen ƙirji, ki matse, ki saki, ki sake, kina zagayawa. Kada ki ja kan nonon, ciwo kawai za ki ji. In kina wurin aiki, duba hotonsa ko shinshina rigarsa na taimakawa nonon ya sauko. Ba camfi ba ne, akwai sinadarin da ƙwaƙwalwa ke saki mai matso nonon, kuma tunanin yaro na tayar da shi, fargaba da sauri na danne shi.

Yaro mai shan nono zalla a watanninsa yana shan kimanin mililita 750 a awa 24. In kin raba gida takwas, kowane sha ya kama wajen 90. Kenan na rana sau uku ko huɗu za ki bari. Ki riƙa zubawa kaɗan-kaɗan, 60 zuwa 120 a kowane mazubi, don kada a ɗumama da yawa a zubar.

Malamar Makaranta:
Sista don Allah yi mana bayanin ajiya, nan ne ake samun saɓani. Kowa da abin da yake faɗa.

Ungozoma:
Ƙa'idar CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, nake bi, don tana da sauƙin riƙewa. Wanda aka tatsa yanzu: awa 4 a ɗaki idan zafin bai wuce digiri 25 ba, kwana 4 a firji, wata 6 a firiza (har 12 ma an yarda, amma 6 ya fi). A kula mai ƙanƙara yana kai awa 24. Wanda aka narkar daga firiza a sha cikin awa 24 in yana firji, kuma ba a mayar da shi ya sake daskarewa. Wanda yaro ya sha ya rage, bayan awa 2 a zubar. A firji a tura shi can ciki, ba jikin ƙofa ba. Ɗumamawa kuma a tsoma mazubin cikin ruwan ɗumi, ba a ɗora shi kan wuta ba. Ku lura da digiri 25 ɗin nan. In ɗakin ya fi haka zafi, kada a jira awa huɗun, a sa a sanyi da wuri.

Mai Aikin Kanti:
Ni bari in faɗi abin da ba a son ji. Duk wannan lissafin na mai ofis ne da ƙofa da makulli da firji. Ni a tsaye nake wuni, hutuna bai isa in ci abinci in yi salla ba, balle in zauna tatsa. Wurin da babu idon mutane ɗaya ne, banɗaki, kuma ni ba zan haɗa abincin ɗana a banɗaki ba. Na bar tatsa. Da rana madarar jarirai, da safe da dare nono. Duk lokacin da aka fara wannan magana sai a riƙa yi kamar mai ba da madara ta yi laifi. Wallahi abin yana ci mini rai.

Maman Tagwaye:
Yi haƙuri 'yar uwa, babu wanda ya ce kin yi laifi. Abin da kika yi ma ai shi nake faɗa tun farko: ba ki yaye shi ba.

Mai Goyo:
Anti, nonon bai ƙafe ba da kika daina tatsa da rana? Abin da nake tsoro kenan.

Mai Aikin Kanti:
Bai ƙafe ba. Makon farko na sha wuya, kafin azahar rigata ta jiƙe, sai in shiga in ɗan matse kaɗan in zubar don in samu sauƙi. Daga baya jikin ya gane, da rana shiru, da yamma ya cika. Amma ya ragu, ba zan yi miki ƙarya ba. Ki tanadi ƙyallen sawa cikin rigar mama da wata riga a jaka.

Ungozoma:
Kin yi daidai, kuma kin faɗi gaskiya. Nonon da ya zauna da ƙafarsa, kamar na wata biyar, yakan bi sabon tsari. Wasu matan kuma nasu yana raguwa sosai, musamman in yaron ya daina shan dare. Shan dare yana riƙe nono, domin sinadarin da ke sa a samar da shi ya fi yawa da dare.

Mai madara kuma ga abin kula. Garin madara ba a kashe ƙwayoyin cutar cikinsa gaba ɗaya ba, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a tafasa ruwa a haɗa da shi tun zafinsa bai sauka ƙasa da digiri 70 ba, sannan a huce kafin a ba yaro. A bi awon da ke jikin gwangwani. Ƙara ruwa don madara ta yi auki yana ramar da yaro, ƙara gari kuma yana wahalar da ƙodarsa. Fidar da ba a wanke da kyau ba ita ce babbar hanyar gudawa.

Hajiya Babba:
Ni abin da ke damuna, nonon da ya wuni a jiki tun safe, ta sha rana ta sha tafiya, ta dawo ta danna wa yaro. Ai ya yi tsami. Ko ba komai ta tatse na farkon ta zubar.

Ungozoma:
Nono ba ya tsami a cikin jiki, Hajiya, ko ta wuni ko ta kwana. Ta wanke hannu ta ba shi kawai. Abin da za ta zubar ɗin shi yaron yake jira tun rana.

Baban Yara:
Ku gafarce ni in sa baki cikin maganar mata. Allah Ya ambaci shekara biyu cikakku a Suratul Baƙara, aya ta 233. Ni ina ganin aikin da zai hana uwa cika wannan, a sake duba shi. Albashi ba ya maye gurbin nono.

Malamar Makaranta:
Malam, a ƙarasa ayar mana. Shekara biyun ta ce ga wanda ya yi nufin cika shayarwa. A cikinta kuma aka ɗora wa uba ciyarwa da tufatarwa, aka ce kada a cutar da uwa saboda ɗanta, kuma in iyayen biyu suka so yaye bisa yarda da shawara, babu laifi a kansu. Mace da yawa ba don sha'awa take fita ba. Ita ma mai tambayar ba cewa ta yi tana gudun shayarwa ba, hanya take nema.

Baban Yara:
Haka ne Malama, ban musa ba. Ina nufin dai a yi shawara da maigidan, kada ta ɗauki nauyin ita kaɗai.

Maman Tagwaye:
Yauwa Malam, nan muke son ku. Shawara kam a yi, amma a haɗa da tashin dare. Yaran da uwarsu ke aiki da yawa suna juya lokaci: da rana su ɗan tsotsi abin da zai riƙe su, da dare su rama. Uwa ta kwana tana shayarwa, da safe ta kama hanya ido jawur. In uban ya ɗauki yaron bayan ya sha, ya sa shi gyatsa, ya canza masa kunzugu, ya wanke fida da mazubai kafin ya kwanta, ita ta samu barcin awa biyu a jere, to ya taimaki shayarwa fiye da wa'azi.

Baban Yara:
An kama ni. Na karɓa.

Ma'aikaciyar Ofis:
Ni a sashen kula da ma'aikata nake, bari in ƙara wani abu. Yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 183, ta shekarar 2000, ta ce hutun haihuwa kada ya gaza mako 14, kuma mai shayarwa tana da haƙƙin hutu sau ɗaya ko fiye a rana, ko a rage mata awannin aiki, a kuma lissafa shi cikin lokacin aiki a biya ta. Ba kowace ƙasa ce ta sa hannu ba, amma ƙasashe da yawa suna da irin wannan tanadi a dokar ƙwadagonsu. Ki duba dokar inda kike da takardar ɗaukarki aiki. Abin da na lura, mata da yawa ba sa tambaya, kunya suke ji, mu kuma ba ma tuna musu. Ki rubuta tun kafin ki koma, ki faɗi abin da kike so a fili: minti kaza sau biyu, da ɗaki mai rufuwa. Ko ki nemi tashi da wuri na wasu watanni. Wanda ya zo da buƙata a rubuce ya fi wuyar korewa da baki.

Mai Aikin Kanti:
Anti, doka tana takarda. Mu da ake sallama da kalma ɗaya, wa zai kai wa oga takarda?

Ma'aikaciyar Ofis:
Ban ce ko'ina zai yiwu ba. Amma wadda take da takardar aiki ta gwada, kada ta ƙi wa kanta tun ba a ƙi mata ba.

Mai Goyo:
Zan rubuta insha Allah. Saura batun ƙin fidar. In ranar ta zo bai karɓa ba fa? Ina tunanin ya wuni da yunwa sai in ji hawaye.

Maman Tagwaye:
Ke ce matsalar, ba fidar ba. Yana jin ƙanshinki, ya san na gaske yana kusa, don me zai karɓi roba? Ki ba ƙanwar maigidan, ke ki fita daga ɗakin, in da hali daga gidan ma. Kada a jira sai yunwa ta ci shi yana kuka, yaro mai fushi ba ya koyon sabon abu. A gwada lokacin da ya farka yana wasa. A ɗan ɗumama bakin fidar, a ɗiga nonon a leɓensa, a bar shi ya kama da kansa. Ɗaya daga cikin nawa bai taɓa yarda ba sai an juya bayansa jikin mai riƙon ana zagayawa da shi.

Ungozoma:
Kuma ba dole sai fida ba. Ƙaramin kofi yana yi, ya ma fi sauƙin wankewa. A zaunar da shi a cinya a tallafe, a ɗora bakin kofin kan leɓensa na ƙasa, a karkata har nonon ya taɓa leɓen, shi zai riƙa lasa yana kurɓa. Ba a ɗura masa. Zai zubar da wani a farko, a sa masa tsumma a wuya. Alamar yana samun isasshe: fitsari sau shida ko fiye a awa 24, mai haske ba ja ba, yana walwala, nauyinsa na ƙaruwa a awo.

Sa'arki ɗaya, wata shida ya kusa. Daga nan za a fara masa abinci mai laushi sau 2 zuwa 3 a rana, daga wata 9 ya koma 3 zuwa 4. A ba shi lokacin da ba ki nan, sai buƙatar tatsa ta ragu. A fi ba da ƙarfi ga mai sinadarin ƙarfe, irin nama da kifi da ƙwai da wake da aka dafa aka niƙa, don ajiyar da aka haife shi da ita tana raguwa a daidai wannan lokaci. Kafin wata shidan kuwa, duk shan da aka cire a maye shi da nonon da aka tatsa ko madarar jarirai. Zuma kuma sai ya cika shekara.

Malamar Makaranta:
Madarar shanu fa? Ni an ce mini haramun ce kafin shekara ɗaya.

Ungozoma:
Nan masana sun rabu. Likitocin yara a Amurka da Ingila suna cewa kada ta zama abin shansa sai ya cika wata 12, domin ƙarfen cikinta kaɗan ne. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma a jagorarta ta 2023 ta ce yaro mai wata 6 zuwa 11 da ake ba wata madara ban da nono, ana iya ba shi ta jarirai ko ta dabba. Sharaɗin ta zama cikakkiya mai maiƙonta, an tafasa ko an kashe ƙwayoyin cutar cikinta a masana'anta, kuma abincinsa yana da ƙarfe. Ƙasa da wata shida kam kowa ya yarda a'a.

Wata Baiwar Allah:
Ni tawa ta bambanta. Aikina akwai tafiye-tafiye na kwanaki, yarinyata tana wata goma, na yanke shawarar yaye gaba ɗaya. Akwai maganin da zan sha ya ƙafar?

Ungozoma:
Akwai, amma ba na saya a sha ba ne, sai likita ya duba ki, don wasu suna taɓa hawan jini, kuma ba su cika aiki sosai ba in nono ya daɗe da zama. In kina da lokaci, bi a hankali ya fi. Ki cire sha ɗaya, na tsakar rana, wanda ba ta damu da shi sosai ba. Ki jira kwana uku zuwa mako, sai maman ya daina cika a wannan lokaci, ki cire na gaba. Na asuba da na kwanciya su ne na ƙarshe. In ya cika ya dame ki, ki matse ɗan abin da zai sassauta kawai, kada ki tatse duka, ki ɗora tsumma mai sanyi. Kin ga ja, ko ƙullutu mai zafi da ya ƙi bajewa, ko zazzaɓi, ki tafi asibiti ranar. Kada a shafa wani abu mai ɗaci ko yaji don ta tsani nonon, kuma kada a haɗa mata rashin nono da rashin uwa lokaci ɗaya. Ki ƙara ɗaukarta da runguma. Ke ma kina iya jin ƙunci ko kuka ba dalili na ɗan lokaci, canjin sinadaran jiki ne. In ya daɗe ki yi magana.

Hajiya Babba:
Ban da ƙuncin ma, ku gaya musu ɗaya maganar. Da an rage shayarwa, ƙani ke sallama.

Ungozoma:
Allah Ya saka da alheri Hajiya, nan kam bakinmu ɗaya. Shayarwa tana hana ɗaukar ciki ne in abu uku sun haɗu: yaro bai kai wata 6 ba, nono zalla yake sha dare da rana ba dogon tazara, kuma al'ada ba ta dawo ba. Mai komawa aiki ta fita daga wannan, kuma ciki na iya shiga kafin ta ga jinin farko. Wadda take son tazara ta je asibiti kafin ta koma, ta kuma faɗa musu tana shayarwa, domin wasu ƙwayoyin hana ɗaukar ciki suna iya rage nono.

Mai Goyo:
Wannan ko a raina ban kawo ba. Zan haɗa da ranar awonsa in tambaya. Sista, na'urar tatsa ta hannu ta isa, ko sai mai lantarki?

Ungozoma:
In sau ɗaya ko biyu za ki tatsa a wuni, ta hannu ta isa. Mai lantarki mai baki biyu ta fi sauri in hutunki gajere ne. Ki dai duba girman bakin ya dace da ke, in yana gurzar ki ko yana ciwo, ba naki ba ne. Amma ki koyi tatsa da hannu ko da kin saya, ranar da kika manta wani sashe a gida za ki gode.

Hajiya Babba:
Ni dai har yanzu ina ganin ɗawainiyar ta yi yawa, amma tun da kin zaɓa, ki kira ƙanwar maigidan naki ta fara zuwa tun wannan makon. Ki tsaya a kanta ki ga yadda take wanke kofin da yadda take riƙe shi. Ki kuma gaya mata da bakinki, in ya yi kuka kusa da dawowarki ta lallashe shi, kada ta cika masa ciki ki iso ya ƙi kama nono.